Guzurin barci: ƙaramar jakar da ba na hawa mota sai da ita

 

Ranar Larabar da ta wuce, da yamma kasuwar Nima ta fara watsewa, sai ga ɗan ƙanwata ya zo daga Maamobi yi mini sallama. Zai yi tafiyarsa ta farko zuwa Kano sarin huluna da yadi, shi kaɗai, da jarin da uwarsa ta tara a adashe. Bayan mun gaisa na ce masa, “Buɗe jakar in gani.” Ya buɗe. Takalmi ƙafa biyu, shadda dinki uku, turare, caja, man gashi, har da tabarau na gayu.

Na ce, “To, ina kayan barcinka?”

Ya yi dariya ya ce, “Kawu, ai mota zan hau, ba otal zan je ba. In barci ya zo zan yi, in bai zo ba na yi in na isa.”

Wannan maganar ce ta sa na ajiye abin da na shirya rubutawa a wannan makon na ɗauko wannan. Domin ni ma na taɓa faɗin irinta, kuma na biya kuɗinta.

Asarar da na yi a Kwari

A shekarar 2007 ne, shekarar da aka canja kuɗin Ghana aka cire sifiri huɗu, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Masu shekaruna za su tuna yadda aka yi watanni ana kashe tsoho da sabo tare, kowa na lissafi da kai biyu. Na tashi daga nan Accra, Ankara a bakinmu na Zango, na bi ta Aflao, na ratsa Lome da Kwatano, na shiga Najeriya ta Seme. Boda uku ke nan kafin Legas. Ban huta ba, a daren na sake hawa babbar bas zuwa Kano, tafiyar da ta kai kilomita dubu. Dare biyu ban runtsa ba sai gyangyaɗi. Kuɗi na cikin aljihun wando, hannuna na kai. Duk ramin da mota ta faɗa sai in zabura in shafa.

Muna isa na watsa ruwa a fuska na wuce Wapa na yi canji, daga nan sai Kantin Kwari. Na zaɓi kaya, na zauna a benci ina lissafin riba a bayan takardar rasit. Kuɗin kaya na juya su zuwa tsohon sidi, suka zama miliyoyi. Kuɗin mota da na kwastan da na 'yan dako kuwa na rubuta su da sabon sidi, 'yan ɗaruruwa. Na haɗa su a layi ɗaya kamar kuɗi iri guda ne. Sai lissafi ya nuna mini riba mai daɗi, har na ƙara kaya bashi. Babu wanda ya cuce ni. Mai shago ya ba ni abin da na biya, mai canji ya ba ni daidai. Sai da na dawo Nima na zauna da littafi bayan na yi barci na kwana biyu, sannan na ga ramin da na haƙa wa kaina. Wata biyar ina biyan bashin nan.

Daga baya wani ɗana da ya yi karatun aikin asibiti ya nuna mini wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997. Sun gano cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hannunsa da hankalinsa suna yin rauni kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wanda ya kai awa 24 kuwa ya wuce ma'aunin da doka ke kama direba a kansa. Ka ji fa. Mu da ko ƙofar gidan giya ba ma bi, sai ga shi muna shiga kasuwa da kan mashayi, muna ƙirga jarin marayu da na matanmu.

Tun daga ranar na ɗauki barci a matsayin wani ɓangare na jari. Kamar yadda nake ware kuɗin mota, haka nake ware masa jaka.

Sunan unguwarmu ma daga nan ya fito

Yaranmu na yanzu suna cewa “ni ɗan Zango ne” da alfahari, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi ma'anar kalmar. Zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, tafiyar watanni suke yi da jakuna, suna ɗauke da kanwa da fata da tufafi. Madugu ba ya tashin ayari sai ya san inda za a kwana. Jagaba yana gaba yana duba hanya da ruwa. Ana tashi da sassafe, kafin rana ta faɗi an sauke kaya, an tara su a tsakiya, an sa masu gadi suna karɓa-karɓa. Kowane falke yana da buzunsa ko tabarma, da bargo, da gorar ruwa. A gari kuwa akwai fatoma, mai saukar baƙi, wanda ke ba ka ɗaki ya kuma ajiye maka dukiya ka kwana da hankali a kwance.

Bayan yaƙin Salaga na 1892 ne mutane da yawa suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da nan bakin teku. Wuraren da aka sauka don a kwana su ne suka zama unguwanni, da masallatai da makarantun allo. Ashe ke nan mutanen da suka yi tafiya a ƙasa da ƙafa sun fi mu tsara barcinsu. Mu mota ta ba mu sauri, sai muka ɗauka jiki ma inji ne.

Abin da ke cikin jakar

Jakar ƙarama ce, irin ta rataya. Sharaɗi na farko shi ne kada ta shiga but. Tana kan cinyata ko tsakanin ƙafafuna. Na sha ganin mutum yana rawar sanyi a tsakar dare, rigar sanyinsa na ƙarƙashin buhunan doya a cikin but, yaron mota kuma ya ce ba a buɗewa sai an isa.

Na farko, abin tallafe wuya. Abin da ke tada mai barci a zaune shi ne kai ya faɗo gaba ko gefe. Kana fara nutsewa naman wuya ya saki, kai ya rinjaya, ka zabura. Haka za ka yi ta yi har gari ya waye, ka sauka da wuya a sandare. Ana sayar da matashin wuya mai kamar rabin zobe a Makola da wajen Circle. Akwai mai soso, akwai wanda ake hurawa. Na fi son na hurawa saboda ba ya cin wuri, sai dai kada a cika shi tam, ya zama kamar dutse. Kuma mutane da yawa suna sa shi a baibai. In kanka gaba yake faɗuwa, juya shi, kaurin ya zo ƙarƙashin haɓa. Wanda bai da shi kada ya damu. Hirami ko tawul ƙarami, a naɗe shi kamar gammo a zagaya wuya, yana yin aikin. Wani tawul ɗin kuma ina tura shi tsakanin ƙugu da kujera. Duk wanda ya haura hamsin ya san dalili.

Na biyu, kayan sanyi. Wanda bai saba ba zai yi mamakin a ce mutum ya tashi daga zafin Ankara da rigar sanyi a hannu. Amma manyan bas ɗin dare masu zuwa Kumasi da Tamale da Bolga esinsu ba wasa ba ne, kuma jikin mutum yana ƙara yin sanyi in ya yi barci. Ina tafiya da rigar sanyi mai zif, da hular sanyi mai rufe kunne, da safa mai kauri, da zane ɗaya na uwargida. Safar nan kada ku raina ta. Ƙafa in ta yi sanyi barci ba ya zuwa, ko da ka lulluɓe sauran jiki. Shi kuwa zane, bargo ne, labule ne, shimfiɗa ne, in ramin esin da ke saman kanka ya lalace ba ya rufuwa kuma, da gefensa za ka toshe. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da ka wuce Techiman ka doshi Kintampo iska ta canja. Ina ƙara man kaɗe a ƙaramin gwangwani don leɓe da hanci da dunduniya, da takunkumi saboda ƙura.

Na uku, ido da kunne. Fitilun motocin da ke tahowa, da talabijin ɗin cikin mota, da hasken wayar maƙwabci, duk suna gaya wa ƙwaƙwalwa cewa gari bai yi dare ba. Akwai ƙyallen rufe ido mai roba, amma ni hular sanyin nake jawowa har kan hanci. Kunne kuma sai haƙuri: fim ɗin Kumasi da ake ihu a cikinsa, mai wa'azi, mai tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in, jariri, da wani Alhaji da ke ciniki a waya ƙarfe ɗaya na dare. Kemis suna sayar da ɗan soson toshe kunne, kuɗinsa bai kai na koko da ƙosai ba. Ana murza shi ya sirance, a sa, a jira ya kumbura. Ba ya hana ka jin an kira sunan tasha ko an yi ihu, rage ƙarar kawai yake yi. Kada a tura ashana ko takarda cikin kunne. In kana son karatun Alƙur'ani a kunne, sauke shi a waya tun daga gida, ka rage murya, ka kife fuskar wayar.

Sauran tarkacen su ne ƙaramar tocila, fawa bank cike da caji, asuwaki, 'yar buta ta roba, sallaya mara nauyi, da maganin da likita ya ɗora ka a kai. Masu hawan jini da ciwon suga, maganinku a jikinku, ba a cikin but ba.

Kujera ma guzuri ce. Gara ka je tasha da wuri ko ka aika yaro ya yanki tikiti. Kujerun baya da na kan taya su ne ke shan duk wani rami, ga zafi da ƙarar inji. Ƙarƙashin talabijin kuma ba a barci. Tsakiya ya fi. Gefen taga yana ba ka wurin jingina kai, amma dattijon da ke yawan fita fitsari gara ya zauna ta bakin hanya, ya huta da ba mutane haƙuri.

Wanda kuɗinsa ke aljihu ba ya barci

Duk abin da na lissafa a sama banza ne in zuciya na kan kuɗi. A tafiyar 2007 ba rashin matashi ne ya hana ni barci ba, tsoro ne. Tsofaffinmu suna da lalita, jakar nan siririya da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Har yau babu abin da ya fi ta. Tela a Nima zai ɗinka maka ita da ragowar kaki, da zif biyu. A cikinta nake sa babban kuɗi da fasfo. Kuɗin kashewa a hanya, na ruwa da burodi da bayan gida, suna aljihun gaba, canji-canji, don kada in buɗe lalita a gaban jama'a. Ghana Card da katin rigakafin shawara da tikiti suna wuri ɗaya da hannu zai kai ba tare da na kwance komai ba, domin a shingen tsakar dare da ido ɗaya ake miƙa su.

Yanzu Allah ya kawo sauƙi. Abin da za a iya turawa ta MoMo ko ta banki, ko a ba amintaccen ɗan canji a nan a karɓa a can, a yi hakan. Iya ragin kuɗin da ke jikinka, iya nauyin barcinka. Sai dai waya ta zama sabuwar lalita, don haka ba a barci da ita a hannu ko a bar ta tana caji a kujerar gaba. Igiyar jakar kuma ina zura ƙafata a ciki, wanda zai ja sai ya ja da ni.

In kuna biyu, ku yi irin na fatake. Ɗaya ya yi barci daga tashi zuwa Kumasi, ɗayan ya karɓa daga nan. Musamman a wuraren tsayawa, inda ake shiga ana fita, dole ido ɗaya ya kasance a buɗe.

Kwanan boda

Barcin kujera daban, barcin ƙasa daban. Duk mai bin hanyoyin nan ya san wata rana zai kwana inda bai shirya ba: mota ta lalace, takarda ta maƙale, ko an iso boda layi ya kai inda ido ba ya gani. Waɗanda suke Seme lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019 sun san abin da nake nufi, wasu makonni suka yi a gindin tirela. Masu bin Kwatano zuwa Parakou da Malanbil su ma, tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 tsallakawa zuwa Gaya ta zama sai da jira da haƙuri. 'Yan uwanmu masu kawo albasar Galmi zuwa Adjen Kotoku kuwa, rabin rayuwarsu a gefen titi suke kwana. Ita hanyar Burkina ma yanzu ba a binta da ka, sai an tambayi waɗanda suka dawo jiya inda ake kwana da inda ba a tsayawa.

A irin wannan kwanan, gidan sauro ya fi katifa. Sauron zazzaɓi da dare yake cizo, kuma garuruwa da yawa da muke ratsawa suna kusa da ruwa: Aflao bakin teku da fadama, Kwatano bakin tafki, Malanbil bakin kogin Kwara. Zazzaɓin ba a ranar yake kama ka ba. Sai bayan mako ɗaya ko biyu, ka dawo gida kaya sun iso, lokacin da ya kamata ka tsaya a shago, sannan ya kwantar da kai. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti, in an naɗe shi bai fi burodi ɗaya ba. Ka haɗa da igiya mai tsawo da ƙusa huɗu. Na ɗaura shi a jikin tirela, na ɗaura a barandar masallaci, na ɗaura tsakanin benci biyu. Ka tura gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, kada gwiwa ko hannu su jingina da shi. Inda babu wurin ɗaurawa, man shafawa na korar sauro da doguwar riga da safa su ne madadi.

Shimfiɗa kuwa, leda mai faɗi a ƙasa saboda raɓa da datti, sallaya a kai, zane a sama, jaka ta zama matashi. Ka nemi wuri mai haske da jama'a, kusa da masallaci ko inda direbobi ke kwana. Ba a kwana a ƙarƙashin mota sai direban ya san kana nan. Lokacin zafi a arewa, Maris da Afrilu, kada a cunkusu a ɗaki ɗaya a rufe taga, lokacin sanƙarau ne. Gara waje cikin gidan sauro.

In kuma akwai ɗan uwa ko maigida a garin da kake ratsawa, a Agege ne ko Zangon Lome ko na Kwatano, kira shi tun kafin ka tashi. Kwana ɗaya a kan tabarmar mutumin kirki ya fi ka shiga kasuwa da wuri da kai a juye. Ka riƙe masa 'yar tsaraba, zumunci ya ɗore.

Ciki da baki

Wani abin da ke hana barci mu muke zuba shi da hannunmu. Kafin motar dare sai mutum ya zauna ya cika ciki da dokunu da yaji da soyayyen kifi, ko wake da shinkafa mai shito har ya kasa numfashi, wai don kada ya ji yunwa a hanya. Da mota ta fara girgiza sai ƙwannafi ya taso. Ni ina cin abinci mai nauyi da rana, da yamma in ci kaɗan. A jaka akwai dabino, gyaɗa, da ɗan burodi. Ruwa ina sha kaɗan-kaɗan, ba na ƙin sha, amma ba na shanye gora gaba ɗaya kafin a tashi.

Sai maganar goro, kuma na san zan taɓa abokaina. Goro da ataya da kofi da lemon kwalban nan na ƙara kuzari duk abu ɗaya ne ke cikinsu, sinadarin da ake kira kafin. Bayan kamar awa biyar da shansa rabinsa na nan cikin jini. Wato goron da ka ɓare bayan La'asar yana tare da kai har tsakar dare. Ranar da zan hau motar dare, daga Azahar nake sallama da shi. Ina ajiye ɓari ɗaya don safiya, in mun kusa isa.

Kwayar barci kuwa ban yarda da ita a hanya ba, sai in likita ne ya rubuta ya kuma san tafiya za ka yi. Matafiyi yana bukatar barcin da za a taɓa shi ya farka. Wanda ƙwaya ta danne ba ya sanin an zare masa jaka, ba ya iya fita in wani abu ya faru. Haka nan abin sha ko abinci daga hannun wanda ba ka sani ba, a yi godiya a ce an ƙoshi. Ba zargin kowa ba ne, tsare kai ne.

Duk inda mota ta tsaya, a Bunso ne ko Kintampo, sauka ka taka ƙasa ko da barci na idonka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa zama wuri ɗaya fiye da awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. A zaune ma a riƙa motsa yatsu da idon sawu, a sassauta takalmi. In ka sauka ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi yana yi maka wuya, asibiti kai tsaye, ba mai tausa ba.

Salla ma tana cikin shiri. Wanda ya hau mota da sallar da bai yi ba, zuciyarsa ba ta kwanciya. Addini ya yi wa matafiyi sauƙi na ƙasaru da haɗa salloli, kowa ya tambayi malaminsa yadda ake yi kafin ya tashi. Ni ina yin addu'ar tafiya, in karanta abin da na saba karantawa kafin kwanciya, in sa waya ta tashe ni da Asuba, sannan in ja hula.

Mutum ɗaya da bai kamata ya yi barci ba

Duk wannan shirin na fasinja ne. Akwai mutum ɗaya a cikin motar da barcinsa mutuwarmu ce. Ba mu manta daren 22 ga Maris 2019 ba, lokacin da manyan bas biyu suka yi karo a kan hanyar Kintampo cikin tsakar dare, mutum fiye da hamsin suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Tsakanin ƙarfe biyu na dare zuwa Asuba shi ne lokacin da barci ya fi rinjayar ɗan Adam, ko wane ne shi. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Dokar hanya ta Ghana ta 2012 ta ce direban haya kada ya wuce awa huɗu yana tuƙi bai huta ba, kuma kada ya wuce awa takwas a yini. Daga Ankara zuwa Tamale ya haura kilomita 600, ga cunkoson Kumasi a tsakiya. Don haka kafin ka yanki tikitin doguwar tafiya, tambaya: direba nawa ne? Tambayar ba rashin kunya ba ce. Kuma mu fasinja mu gyara halinmu. Mu ne ke ihu in direba ya tsaya hutawa, muna cewa za mu rasa kasuwa. In ka ga mota tana lilo tana taka layi, ko direba yana ta murza ido yana buɗe taga, yi magana da ladabi, ka nemi dattawan cikin motar su goya maka baya a tsaya. Ƙara masa goro ba magani ba ne, maganin barci barci. Sannan in kujerarka tana da bel, ɗaura shi kafin ka rufe ido. Mai barci ba ya iya riƙe komai in aka taka birki.

Na matan gida da Hajiyoyin hanya

Hajiyoyinmu masu zuwa Asigame a Lome da Dantokpa a Kwatano sun fi mu iya shirin nan, daga wurinsu na koyi rabinsa. Wata maƙwabciyata da ta fi shekara ashirin tana bin hanyar ta ce mini ita zane uku take ɗauka: na lulluɓa, na shimfiɗa, da na yin labule in an tsaya a inda babu bayan gida. Tana neman kujera kusa da mace 'yar uwarta tun a tasha. Mai goyo kuma ta sa kayan canjin yaro da hularsa da safarsa a jakar hannu, kada ta ɗora shi daidai bakin esi.

Ku kuma da kuke gida, ku ne masu haɗa jakar nan. In maigida ya dawo a wanke zanen, a shanya gidan sauron a inuwa, a caja fawa bank, a mayar da komai wurinsa, a rataye. Tafiyar ɗan kasuwa ba ta ba da sanarwa. Kuma ranar da ya dawo a bar shi ya yi barci kafin a kawo masa lissafin kuɗin makaranta da na wuta. Amsar da za ki samu bayan ya huta ta fi wadda za ki samu a bakin ƙofa.

Shi ɗan ƙanwar tawa, na sa ya cire takalmi ƙafa ɗaya da shadda ɗaya, muka sa rigar sanyi da gidan sauro a wurinsu. Na ba shi tsohuwar lalitata. Na kuma kafa masa sharaɗi ɗaya: in ya isa Kano kada ya taka Kwari a ranar. Ya sauka wurin maigidana a Fagge, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya kwana, washegari ya shiga kasuwa da biro da littafi.

Ya ce, “Kawu, kwana ɗaya fa zan yi asara.”

Na ce, “Ni wata biyar na yi.”

Jiya da safe ya kira uwarsa ya ce ya isa lafiya, kuma ya yi barci tun daga Ilori har Kaduna. Allah ya sa albarka a cikin abin da zai saro, ya tsare mana matafiyanmu a duk inda dare ya same su. Wanda yake da wata dabarar da ban ambata ba, ya aiko mana ta hannun edita mu ƙaru da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.